Babban Inji a Pikop ɗin Baba

Zongo, Kumasi
6 ga Agusta

Yaya Issifu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aiki, yaya zaman ruwa? Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Ƙafar Mma ta yi sauƙi, shekaranjiya har masallaci ta taka da kanta. Ta ce in gaya maka, wata biyar ke nan ɗanta yana walda a jirgin kamun kifi, amma ko ƙayar kifi ba ta gani ba. Matarka Basiratu da yara suna gaishe ka. Tunda waya ba ta kamawa a inda kuke, ga ni na koma biro da takarda kamar 'yar makaranta. Zan aika wa mutuminka Kassim a Tema, shi ya san ranar da ƙaramin jirgin da ke kai muku abinci yake tashi.

Maganar pikop ɗin Baba ce ta sa na rubuto. Yaya, motar nan ta gaji. In muka ɗauko doya daga kasuwar Ejura, da mun fara hawan nan na kafin Mampong sai ta kama tari kamar Baba Sumana mai goro. Makon jiya masu aboboya, keken kaya fa, suka riƙa wuce mu suna ɗaga mana hannu. Ƙarshe sai da muka sauke kusan rabin doyar a bakin hanya, na zauna gadi a cikin ruwan sama, Sulley ya haye da rabi ya dawo ya kwashi rabi. Ka san mijina da zuciya.

Washegari ya je Magazin, unguwar makanikai ta Suame, wajen Mutaru, abokinka da kuka koyi aiki tare. Mutaru ya ce injinmu mai silinda huɗu ya yi wa kayan da muke ɗauka kaɗan. Akwai wani mai silinda shida da ya shigo, hom-yus ne, wato na hannu daga ƙasar waje, bai sha wuya ba, kuma ya ce zai zauna a ciki daram. Sulley ya dawo yana ta lissafa min yadda za mu riƙa zuwa Ejura mu dawo kafin la'asar. Ni ma ba zan ɓoye maka ba, raina ya biya.

Amma na ce masa motar nan gadonmu ce, ni da kai, ba wanda zai kwance ko ƙusa ɗaya sai Masta Issifu ya ce to. Shin babban inji zai amfane ta, ko kuwa mu ne dai muke son a san da mu a hanya? Ka ba mu amsa da wuri, don Sulley kullum sai ya je ya leƙa injin kamar wanda ya kai kuɗin gaisuwa.

Ƙanwarka,
Mubarika

*

A kan ruwa
23 ga Agusta

Mubarika,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta iso jiya tare da buhunan shinkafa. Na yi murna da jin Mma ta taka. Ki ce mata kifi na nan zuwa a Disamba, ni da kaina zan ɗauko. Ina lafiya, sai dai gishirin ruwan nan ya farfasa min hannu. Ki gaida Basiratu, ki gaida Sulley.

Maganar inji, amsata ita ce a'a. Kada ku sa.

Mota ba inji kaɗai ba ce. Wanda ya ƙera ta ya auna komai da komai tare. Birkinta na mai silinda huɗu ne, giyarta haka, sifirin na gaba da ke ɗaukar nauyi haka. Babban inji ya fi nauyi, kuma nauyin duk a gaba zai zauna. Zai sha mai fiye da yadda kuke zato. Sannan ni na san direbobi, in mota ta samu ƙarfi ba gudu kaɗai suke ƙarawa ba, kaya suke ƙarawa. Ku hawa kuke tunani, ni gangara nake tunani. Wannan gangarar da ke bayan Mampong in za a sauko Jamasi, ba ƙarfin inji take tambaya ba.

In tana tari a hawa, a wanke mata nozul, a canza filta, ku rage lodi. Sawu biyu da rai ya fi sawu ɗaya.

Abu ɗaya nake roƙo. Kada a ɗaga injin nan daga mazauninsa, kuma kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da sunan gyara, ko Mutaru ne, sai na dawo. Akwai aikin da nake so in yi mata da hannuna. Wata huɗu ne kawai. Ku yi haƙuri da ita kamar yadda Baba ya yi.

Na san za ki ce Yaya ya cika taurin kai. Ki faɗa, amma ki ji maganata.

Yayanki,
Issifu

*

Zongo, Kumasi
15 ga Satumba

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Kowa lafiya. Mma ta ce ta ji batun Disamba, Allah ya kai mu, amma ita ba ta cin alkawari da tuwo.

To, wasiƙarka ta zo, kuma ta tayar da ƙura. Na karanta wa Sulley tun daga farko har ƙarshe. Maganar birki da giya duk ya saurara yana gyaɗa kai. Da na zo wajen "kada kowa ya shiga ƙarƙashinta, ko Mutaru ne", sai ya miƙe. Ya ce, "Wato Akonta, surukin nawa, yana ganin duk Magazin ba mai hannu sai shi? Shekara shida ina tuƙa motar nan, yau ni ne kowa?" Gaskiya Yaya, ni ma layin nan ya sosa min rai. Mun san kai Masta ne, ba sai ka tuna mana daga tsakiyar teku ba.

Ya ɗauki maganganunka ɗaya bayan ɗaya ya kai wa Mutaru. Mutaru bai yi fushi ba ko kaɗan. Ya ce duk abin da ka faɗa gaskiya ne, don haka ya kira mai birki ya sa manya, ya kira mai sifirin ya ƙara ganye, giya ma an kawo wadda ta zo da injin. Da na ga an toshe duk ƙofofin da ka buɗe, sai na ce to. Ni na ba da izini, kada ka ga laifin Sulley.

Ga abin da zai faranta maka rai. Ranar da suka ɗaga tsohon injin, Mutaru ya ga wata walda a jikin shasi, ƙashin bayan motar, ta hagu, kusa da inda sitiyari yake kamawa. Wani cikin masu aikin ya ce a kankare fenti a duba. Mutaru ya daka masa tsawa. Ya ce, "Kai, ka san hannun wa ke nan? Dubi ɗinkin, kamar an jera sulalla. Wannan Masta Issifu ne. Inda hannunsa ya bi ba a sake dubawa, koraa, ko da wasa." Ya shafa mata sabon fenti suka ɗora inji. Ka san dokarku ta Magazin, masta ba ya tona aikin masta. Ni dai ban ma san ka taɓa yi mata walda ba, amma na ji daɗi yadda ake faɗin sunanka.

Yaya, motar nan ta zama wata aba daban. Mun gwada ta da siminti daga Sofoline zuwa Kwadaso, ko a jikinta. Sulley sai murmushi. Abin da ya rage a canza lambar inji a takarda, ana ta yi mana je-ka-dawo. Sulley ya ce da takarda ko babu, ranar Litinin 20 ga Oktoba za mu Ejura ni da shi, mu cika ta taf, mu ga mai aboboyar da zai ɗaga mana hannu.

Ƙorafi ɗaya ne. Ƙofar direba ta fara ƙin rufuwa, sai an ɗaga ta an buga. Da can ba ta yi. Sulley ya ce tsufa ne, in ka dawo ka duba mana.

Ka huce, ka ji?

Mubarika

*

A kan ruwa
3 ga Oktoba

Mubarika,

Salamu alaikum. Ina fata wannan ta same ku da rai da lafiya, kuma wallahi ban taɓa rubuta kalmomin nan ina nufinsu kamar yau ba. Ki gaida Mma. Kada ki karanta mata wannan.

Ku ajiye motar. Kada ta sake motsawa ko nan da bakin titi. Ki karɓe makullin ki ɓoye.

Ƙofar nan ba tsufa ba ne. Shasin ne yake lanƙwashewa, shi ya sa ƙofa ta daina haɗuwa da mazauninta. Da na karanta layin nan sai da na zauna a ƙasa.

Waldar da Mutaru ya gani tawa ce, kuma ƙarya ce. Shekara tara da suka wuce, lokacin da Baba ya je Tamale ta'aziyya, na ɗauki motar ba da saninsa ba na loda mata rodi zuwa filina na Kwadaso. Lodin ya wuce kima. Na faɗa wani kwalbati da gudu, shasin ya tsage ta hagu. Gyaran gaskiya shi ne a sauke inji, a buɗe tsagar, a ɗinke ciki da waje, a ɗora faranti a kai. Aikin kwana uku ne. Baba kuwa washegari zai dawo, kuma kin san idon Baba. Sai na ɗinke waje kawai. Na zauna na tsara ɗinkin ya yi kyau, don ko ya leƙa ya ɗauka ƙarin ƙarfi na yi mata. Ciki yana nan a tsage yadda yake.

Na ce wata mai zuwa zan gyara. Wata ya zama shekara. Baba ya rasu bai sani ba. Sunana ya yi ta girma a Magazin, kuma duk girman da ya ƙara sai sauke injin nan a gaban mutane ya ƙara yi min wuya, don duk wanda ya ga cikin shasin zai gane. Ƙaramin injin ba shi da nauyi, ba ya fizga, shi ya rufa min asiri duk shekarun nan. Da kika tambaye ni, sai na tsaya ina yi miki wa'azin birki da giya. Duk gaskiya ne, amma ba shi ne dalilin ba. Kunya na ji. Har na kwantar wa kaina da hankali cewa in ma kun ƙi ji, Mutaru zai gani ya tsayar da aikin. Ban kawo cewa sunana ne zai rufe masa ido ba.

Ki fahimci abin da zai faru. A hawa ba za ta karye ba. A gangara ne, in ya taka birki da lodi a baya, nauyin duka zai dawo kan wurin nan. In ya balle, sitiyari zai tafi da shi. Sulley zai juya, ƙafafun motar ba za su juya ba. Kin san ramin da ke gefen hanyar nan.

In da hali ki ja Mutaru gefe ki gaya masa shi kaɗai, ya rufa min asiri. In babu hali, ki yi duk abin da ya kama.

11 ga Oktoba. Kwana takwas ke nan takardar nan na aljihuna. Jirgin abinci bai zo ba, an ce injinsa ya lalace a Tema. Na je wajen kyaftin na roƙe shi wayarsa, ita kaɗai ke kamawa a nan. Ya ce ta kamfani ce, sai in mutuwa aka yi. Na ce mutuwa ce. Ya ce wa ya mutu? Na ce ba a mutu ba tukuna. Ya juya ya ci gaba da abin da yake yi. Ba na iya cin abinci. Jiya na ƙona hannuna da walda, abin da rabona da shi tun ina koyo. Kullum ina ƙirga kwanaki zuwa ashirin ga wata.

16 ga Oktoba. Ga jirgin ya zo. Sun ce kwana uku ko huɗu za su yi kafin Tema. Kassim, na san kai za ka fara riƙe wannan. Don girman Allah ka buɗe, ka ɗauki hotonta ka tura wa Mubarika a waya tun kana tsaye a bakin ruwa. Kada ka jira motar Kumasi.

Issifu

*

Zongo, Kumasi
24 ga Oktoba

Yaya,

Assalamu alaikum. Ba wanda ya mutu. Na fara da wannan don ka iya karanta sauran. Mma na nan, Basiratu da yara lafiya.

Hoton wasiƙarka ya shigo wayata ranar Litinin ɗin, sha ɗaya da 'yan mintoci. Da ina cikin motar. Abin da ya hana ni, ƙafar Mma ta tashi da kumburi da safen, sai Fareeda ƙanwar Sulley ta tafi a madadina. Ina tsaye a tsakar gida na karanta. Ban san na saki kwanon da ke hannuna ba sai da Mma ta ce, "Ke, lafiya?" Na ce lafiya. Ƙarya ta farko da na yi mata da girmana.

Na kira Sulley. Ya ce sun gama lodi sun baro Ejura, motar na tafiya kamar ba komai a bayanta. Na ce ya tsaya, shasi a tsage yake, Yaya ya rubuto. Ya yi dariya. Ya ce, "Akonta kuma? Mutaru da idonsa ya ga wurin. Ina tuƙi, sai mun zo." Ya kashe. Na sake kira sau biyar bai ɗauka ba. Wayar Fareeda a kashe. Sai na gane maganata ba za ta tsayar da shi ba, taka ma ba za ta tsayar da shi ba. Muryar Mutaru kaɗai zai ji, shi kuma wayarsa na ta ƙara ba a ɗauka.

Ko mayafi ban ɗauka daidai ba na tari pragya, keken haya mai ƙafa uku, zuwa Suame. Cunkoson shataletale ya riƙe mu, na sauka na ƙarasa da gudu. Ni da ɗiyata ta kusa aure, ina gudu a cikin baƙin mai, takalmi ɗaya a hannu. Duk hanya ina lissafin inda suka kai. Yanzu sun gama hawa. Yanzu sun hango Mampong.

Na samu Mutaru a ƙarƙashin rumfa da mastoci kusan shida, ana buɗe wani inji. Na ja shi gefe kamar yadda ka roƙa, Allah ya sani na gwada. Na ce waldar nan ba ta da kyau. Ya ce, "Hajiya, tsoro ne irin na mata. Aikin Masta Issifu ne fa." Na miƙa masa wayar, ya ce bai zo da tabarau ba, kuma shi rubutun Hausa ba ya shige masa. Na fara karanta masa a hankali. Ka san Magazin, guduma ta nan, injin yankan ƙarfe ta can. Ya ce ba ya ji. Na ɗaga murya. Ya ce ba ya ji.

Sai na yi ihu, Yaya. Na karanta da duk ƙarfina, "Waldar da Mutaru ya gani tawa ce, kuma ƙarya ce." Mai guduma na kusa ya tsaya. Na gaba da shi ya tsaya. Ban kai wajen Baba da Tamale ba sai da layin nan duka ya yi tsit, ina jin muryata ita kaɗai tana faɗin abin da ka ɓoye shekara tara. Ban tsallake ko kalma ɗaya ba, don ina tsoron in na rage ba za su yarda ba.

Mutaru bai bari na ƙarasa ba. Ya fizgi wayarsa ya buga. Sulley ya ɗauka a bugun farko.

"Kana ina?"

"Na wuce Mampong, ga gangara nan gabana. Masta, injin nan paa..."

"Yi shiru ka ji. Kada ka taka birki da ƙarfi. Cire ƙafarka a kan mai. Bar ta ta mutu da kanta, ka gangara gefe a hankali. Kada ka juya sitiyari da yawa. Sulley, ina roƙonka da Allah."

Muka tsaya muna jin ƙarar injin ta cikin wayar tana raguwa. Ban san tsawon lokacin ba. Sai muka ji Sulley ya ce, "Na tsaya. Mene ne?" Nan na zauna a kan wata tsohuwar taya na fashe da kuka.

Da mota biyu muka je. Inda ya tsaya, kana hango kwanar farko ta gangarar. Mutaru ya kwanta a ƙasa ya kankare fentin da shi da kansa ya shafa. Ɗinkinka ya rabe gida biyu. Ya zura hannunsa a tsagar har wuyan hannu. Ya ce abin da ya rage yana riƙe da motar bai fi faɗin yatsa biyu ba. Sulley ya leƙa sau ɗaya, ya je bakin ciyawa ya yi ta amai. Fareeda ba ta san komai ba sai lokacin, tana riƙe da ledar gyaɗarta. Mutaru ya ce injin bai yi laifin komai ba, abin da aka ɗora shi a kai ne.

Ban rufa maka asiri ba, Yaya. Da za a sake, haka zan sake yi. Ina jin haushinka, ina jin tausayinka, kuma ban san wanda ya fi yawa ba. Sulley bai ambaci sunanka ba tun ranar. Basiratu ta daina zuwa kasuwa.

Amma ba wannan ya sa na zauna rubutu ba. Tun Talata mutane ke sallama a ƙofar gidan nan. Wani direban trotro, bas ɗin haya, daga Sofoline, ka yi masa shasi bara. Wani mai tankar ruwa. Yau bayan Juma'a Malam Nurudeen ya zo da kansa, ya tsaya a soro ya ƙi zama. Ya ce bas ɗin makarantarsu kai ka ɗinke ta kafin ka tafi, kuma yara arba'in take ɗauka kowace safiya. Ya ce shi bai zo da faɗa ba, so yake ya san ko ya fito da ita ranar Litinin.

Na ce masa zan tambaye ka. Na san amsarka ba za ta iso ba sai bayan mako biyar ko shida, shi ma ya sani. Ya ce to zai ajiye ta har ka amsa.

Kada ka yi min wa'azi a wannan karon. Ka rubuta min kalma ɗaya in kai masa. Waldar ƙaryar nan, tamu kaɗai ce?

Mubarika